Idon Ƙafar Lawali

Ni ce Ɗelu mai suyar kifi a bakin tabkin Madarumfa, wadda ake cewa bakinta ba shi da linzami. To, ba ƙarya aka yi mani ba. Amma ba don wannan bakin ba, da har yau Lawali na nan ƙunshe cikin ɗaki kamar amarya. Don haka a bari in faɗi yadda aka yi, daga baya mai zagina ya ci gaba.

Lawali taubashina ne. Uwarshi da ubana ciki ɗaya suka fito, shi ya sa tun muna yara ba abin da ba na gaya mashi, shi ma ba ya raga mani. In ce mashi bawana, ya ce ni ce baiwar, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. Masunci ne, yana kuma da garka a gefen tabki, albasa da tumatir da zogale. Wata shekara da rani ya hau gawo zai kaɗo wa tumakinshi 'ya'ya, reshe ya karye da shi. Aka kwashe shi sai gidan likita a Maradi. Kwana bai ƙare ba, amma lakar bayanshi ta ji rauni, daga ƙugu zuwa ƙasa ya daina motsi.

Wallahi mutumin nan ya ba ni mamaki. Ya dawo gida kan keken guragu yana dariya, ya ce ai dama ƙafafun sun ishe shi da yawo. Hannu na nan, ya koma gyaran raga da ɗinkin koma, masunta na kawo mashi aiki har gida. Ban taɓa jin ya yi kukan ƙafa ba.

Abin da ya karya shi daban ne. A likita an koya mashi zura wata siririyar roba, wadda suke ce wa sondi, ya zubar da fitsari da kanshi in lokaci ya yi. Sai dai mafitsarar ba ta jiran lokaci. Ta matsa lokacin da ta ga dama, shi kuwa ba ya ji, sai dai ya ga danshi. Juma'ar farko bayan dawowarshi ya ce a kai shi masallaci. Aka sauke shi kan tabarma cikin sahu, Malam Zakari ya hau mumbari. Kowa a garin nan ya san huɗubar Malam Zakari, in ya fara sai ka dafa wake ka sauke bai gama ba. Ana tsakiyar huɗuba abin ya zo. Ya bi tabarma har ya taɓa rigar Ɗan Azumi mai gyaran moto da ke gefenshi. Ɗan Azumi bai ce uffan ba, ya naɗe bakin rigarshi kawai. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya juyo. Lawali ya gaya mani daga baya cewa shirun nan ya fi mashi zafi da a ce an mare shi.

Daga ranar bai sake ƙetare zaurenshi ba. Malam Zakari da kanshi ya zo ya zauna ya karanta mashi cewa mai irin wannan lalura shari'a ta yi mashi sauƙi, sallarshi ta yi. Lawali ya ce ya sani, Allah shi saka da alheri, amma shari'a ba ta wanke rigar Ɗan Azumi ba. Kowace Juma'a sai ya yi wanka, ya sa farar riga, ya turo keke bakin zaure daga ciki, ya saurari huɗuba ta lasifika. In an sallame ya yi azahar shi kaɗai. Haka shekaru suka yi ta wucewa.

Yanzu sai in kawo maganar ɗanshi. Abdoul Aziz shi ne ɗan farin Lawali da matarshi Hajara, kuma su biyun 'yan kunya ne irin na da. Ba su taɓa kama sunanshi ba. Tun da aka yaye shi aka miƙo shi gidanmu, a bayana ya yi wayo, Goggo yake ce mani. In ya je gaida ubanshi, sai uban ya kau da kai ya ce wa iska, "A tambayi yaron nan ko ya sha ruwa." Hajara kuma ta dubi bango ta ce, "Akwai ruwa a randa." Ba ƙiyayya ba ce, kar a yi mani mummunar fahimta. Lawali ma ɗan fari ne, haka ubanshi ya yi mashi har ya koma ga Allah. In an yabi yaron a gabanshi sai ya haɗe fuska, in an fita ya yi ta murmushi shi kaɗai, na sha kama shi.

Yaron kai gare shi. Daga lakwal ta nan, makarantar boko, sai Maradi, sai Yamai, har aka ɗauke shi Turai. Aikinshi wai haɗa na'ura da jijiyar mutum, ta yi mata magana da ɗan kuran, wato wutar lantarki, kamar yadda ƙwaƙwalwa ke yi. Da ubanshi ya faɗo, sai ya juya karatunshi duka kan ƙafa. Ya yi ta aiko mani hotuna masu motsi a salula, wani Bature da wayoyi a baya yana ɗaga ƙafa da ƙyar, mutane na tafi. In kai wa Lawali, ya duba ya ce, "Madalla." In yaron ya kira ya tambayi jiki, a ce mashi lafiya lau. Uba ba zai faɗa ba, uwa ba za ta faɗa ba, kuma duk garin nan ba wanda zai ɗauki salula ya yi wa ɗa maganar fitsarin ubanshi.

Da ya zo hutu, na raka shi gaisuwa. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki yana ta bayanin wasu ƙarafa da ake ɗaura wa mutum ya miƙe tsaye, idonshi na ƙyalli. Lawali na ta ɗinkin ragarshi, fuska na kallon taga. Da yaron ya gama, ya ce, "Ɗelu, ki ce mashi an gode." A lokacin na ga ya ja zane ya rufe cinyarshi da sauri, na san abin da ya faru. Yaron bai lura ba. Raina ya ɓaci, ba da yaron ba, ba kuma da Lawali ba, da mu duka.

Washegari Abdoul Aziz ya same ni a bakin tabki ina jefa karfasa cikin mai. Na ba shi kujera, na ba shi kifi, na bari ya ci rabi.

Na ce, "Kai ɗan nan, wa ya ce maka ubanka ƙafa yake so?"

Ya dube ni. "Goggo, to me zai so in ba ƙafa ba?"

"Ka taɓa ganin gurgu ya ƙi zuwa masallaci don ba shi da ƙafa? Ga keke, ga masu turawa. Shekara nawa rabon ubanka da sahun Juma'a, ba ka taɓa tambayar dalili ba?"

Na zayyana mashi komai, tabarmar, rigar Ɗan Azumi, farar rigar bakin zaure. Ban sakaya ko kalma ɗaya ba, ai ba ni ce na haife shi ba. Ya ajiye kifin. Ya daɗe yana kallon masunta na turo jirgi, sannan ya ce a can inda yake aiki akwai masu binciken wannan matsalar, ɗakinsu na jikin nasu, kullum tare suke shan kafe. Ya ce su ma sun sha faɗa cewa in an tambayi masu raunin baya abin da suka fi so a dawo masu da shi, da yawa wannan suke ambata kafin tafiya. "Na ji da kunnena, Goggo, amma ban taɓa kawo Baba a ciki ba." Na ce ai ido ba ya ganin kanshi, ya cinye kifinshi kar ya huce.

Ya koma Turai. Hotunan Baturen nan suka daina zuwa. Aka yi damina, aka yi girbi, aka sake wata daminar. Sai ga shi ya dawo, wannan karon ba hutu ba. Ya ce sun haɗa bincike da wata likita a Maradi, za su gwada wata hanya ga masu irin ciwon Lawali, kuma in Baba ya yarda za a duba shi a ga ko ya dace a sa shi ciki. Ni aka aika da saƙon, wa kuma za a aika?

Lawali ya ji ni har ƙarshe, ya ce, "Ke kika gaya mashi."

"Ni ce. Ka kai ni ƙara."

"Baiwar banza." Sai muryarshi ta sauka. "Ɗelu, ki bar wasa. Ɗan da ban taɓa kiran sunanshi ba, shi zai zo ya yaye mani zane ya sa mani waya a gaba? Gara in ƙare a ɗakin nan. Ki ce mashi na gode, ya gwada kan wasu."

Ban yi mashi musu ba, don ni ma tunanina ke nan, maganin fitsari ai inda fitsari yake za a sa shi. Na fita. Na tarar da yaron a rumfata, na ce ubanshi ya ƙi, na kuma faɗi dalili. Sai na ga yana ƙoƙarin danne dariya. Na ce in ya yi mani dariya zan kwaɗa mashi matsami. Ya duƙa, ya ɗora yatsa a bayan idon ƙafarshi ta ciki.

"Nan ake sa shi, Goggo."

"A ƙafa? Kai, kar ka maishe ni sakara."

Ya ce in tuna garkar Baba, rijiya ɗaya ce amma lambatu biyu ke fita daga bakinta. Jijiyar da ke sauka bayan idon ƙafa da wadda ke zuwa mafitsara, tushensu ɗaya a ƙasan gadon baya. Tun da hanyar sama ta yanke, mafitsara ta rasa mai tsawata mata, shi ya sa take matsawa ba dalili. In aka riƙa sa wa ta ƙafa ɗan kuran kaɗan-kaɗan, saƙon na hawa har tushen, wani lokaci ya sa ta lafa. Ya ce in ji da kyau, ba kowa yake yi wa ba, dalilin binciken ke nan. Baba ba zai rabu da sondi ba, ba kuma zai yi tafiya ba. Abin da ake fata kawai, ta riƙa jira har lokaci ya yi.

Ko mai ban sauke daga wuta ba na koma. Na tsaya kan Lawali na ce, "Bawana, idon ƙafarka ma al'aura ne?" Da na yi mashi bayani ya ce ƙarya nake. Na rantse. Ya daɗe yana juya allurar raga a hannu, can ya ce to ai ƙafa ba komai ba ce, yaro na iya taɓa ƙafar ubanshi.

Ranar da za a kai shi Maradi likita ta duba shi, kafin gari ya gama wayewa ya sa aka fita da shi, kar a gan shi. Likitar ta ce ya dace. Daga nan kullum da hantsi Abdoul Aziz zai shigo da 'yar na'urarshi, ba ta fi salula girma ba, pil take ci, wato batir. Ya durƙusa gaban keken, dama haka yake durƙusawa in zai gaishe shi, ya manna 'yan faci biyu a ƙafar, ya kunna. Uba na kallon taga, ɗa na kallon ƙasa. Tun da aka haifi yaron nan ba su taɓa daɗewa wuri ɗaya haka ba.

Rana ta farko kuwa an sha kallo. Ashe in kuran ya sami jijiyar daidai, babban yatsa lanƙwashewa yake, alamar an dace ke nan. Ba wanda ya gaya wa Hajara. Ta leƙo da kwanon fura, ta ga yatsan mijinta da ya yi shekaru a mace yana motsi. Ta saki kwanon, ta fita tsakar gida ta rangaɗa guɗa. Kafin ka ce kwabo labari ya kai kasuwa wai Lawali ya tashi. Zuwa la'asar wani da ya zo daga garin Gabi ya rantse mani an gan shi yana gudu a bakin tabki. Mutane suka cika zaure da barka. Lawali kuwa ai ba zai ce masu ba ƙafa ake nema ba. Ni na tsaya a ƙofa na ce kowa ya kama gabanshi, yatsa ne ya yi atishawa, in ya tashi za a yi shela. Hajara ta yi kwanaki ba ta haɗa ido da kowa ba, har yau ina tsokanarta.

Makonnin farko ba abin da ya canza. Zanen da Hajara ke shanyawa bayan ɗaki bai ragu ba, ni kuwa da shi nake gane labari ba sai na tambaya ba. Na fara jin tsoro na jawo wa mutum sa rai a banza. Yaron ya rame. Likitar ta ce a yi haƙuri, ta ɗan canza ƙarfin abin. Sannu a hankali igiyar shanya ta fara sauƙi. Wata rana na zo na tarar ba komai a kanta sai hular Lawali. Na shiga na ce, "Yau ba wanki?" Ya ce in fita mashi daga ɗaki, amma bakinshi ya ƙi rufuwa.

Duk da haka bai yarda da Juma'a nan da nan ba. Ya ce abin da ya yi jiya ba lalle ya yi gobe ba, kuma gaskiyarshi, don akwai ranakun da mafitsarar ta kuɓuce. Na bar shi. Sai wata Alhamis ya ce da ni, yana kallon ragarshi, "Ki ce wa yaron nan gobe ya zo da wuri, keken na son iska a taya." Daga nan gidan Malam Zakari na zarce. Na durƙusa na gaishe shi da ladabi, sannan na ce, "Allah gafarta Malam, gobe Lawali zai zo. In ka ja huɗubar nan kamar yadda ka saba, ni da kai ne." Ya yi dariya ya ce Ɗelu ba ki da dama.

Ranar Juma'a na bar kasko, na sami gindin bedi daga bayan sahun mata inda nake hango filin masallaci. Abdoul Aziz ya turo shi cikin farar rigar nan. Na ɗauka Lawali zai tsaya a ƙarshen sahu kan kekenshi, inda fita za ta yi sauƙi. Ina, ya ce a sauke shi kan tabarma. Mutane suka yi kamar ba su gani ba, irin kirkin nan namu mai nauyi. Sai na ga Ɗan Azumi ya taso daga sahun gaba, ya ratso mutane, ya zo ya zauna a gefenshi, ya baza babbar rigarshi har tana taɓa gwiwar Lawali. Allah shi yi wa Ɗan Azumi albarka, ban taɓa sanin yana da wannan hankalin ba.

Malam Zakari ya ji magana, bai taɓa yin gajeruwar huɗuba irin ta ranar ba. Ni dai ban ji ko kalma ɗaya ba, idona na kan bayan Lawali. Aka tayar, aka sallame, aka yi addu'a. Jama'a suka fara watsewa, wasu na miƙa mashi hannu. Shi kuwa bai motsa ba. Fili ya yi ta raguwa, masu naɗe tabarmi suka zo kusa da shi suka kewaye, yana nan zaune, yaron na durƙushe bayanshi riƙe da keke. Na ce shi ke nan, ta sake faruwa, yana jira kowa ya tafi ne.

Da wurin ya yi sarari na ƙarasa. Na dubi tabarmar. A bushe take ƙayau.

Na ce, "To uban me kake jira? Ka kusa kashe ni."

Ya ce, "Zama nake. An hana?" Ya shafa tabarmar da tafin hannu. "Kuma wa ya ce wa Malam ya yanke huɗuba? Na zo da shirina, ko dumama wuri ban yi ba aka sallame. Wannan aikinki ne, na sani."

Na ce ya ji da shi, mara godiya. Ya yi 'yar dariya, sannan ya gyara murya, ya kau da kai wajen tabki kamar yadda ya saba.

"Ɗelu, ki ce wa yaron nan..."

"Ba ni cewa. Na gaji da zama salularku. Ga shi nan bayanka, in kana da magana ka faɗa mashi."

Na juya kamar zan tafi, amma ban yi nisa ba, ai kun san ni. Can Lawali ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya juyo da jikinshi da ƙyar har ya fuskanci ɗanshi. Ya dube shi sosai, irin kallon da ban taɓa ganin ya yi mashi ba sai in yaron ya ba da baya. Ya ɗora hannu a kanshi.

"Ka sha wahala," ya ce. "Allah shi yi maka albarka."

Abdoul Aziz bai iya cewa amin ba, ni na faɗa a madadinshi daga inda nake, hawaye na zuba ban damu da share su ba. Sunan dai bai kama ba, kuma ba na jin zai taɓa kamawa. Yaron ya ɗauke shi ya ɗora kan keke, ya juya zai nufi gida. Lawali ya ce a'a, a bi ta bakin tabki, yana so ya ga abin da aka yi da garkarshi, kuma akwai wata baiwa can da za ta soya mashi kifi.